Zuwa da kai ya fi aike: wa ke magana da yawunmu inda ake tsara dokokin intanet?

Duk wanda yake ƙasar nan a ƙarshen watan Fabrairun 2021 bai manta da ranar 24 ga wata ba. Kwana ɗaya bayan hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka wayi gari intanet ta ɗauke a wayoyin salula. Da farko kowa ya ɗauka matsalar rezo ce irin wadda aka saba. Wani ya kashe waya ya kunna, wani ya sake sayen forfe yana zaton nasa ne ya ƙare. Sai daga baya aka gane rufewa aka yi. Haka aka zauna har ranar 5 ga Maris, kwana goma cur.

Tarzomar da ta biyo bayan sakamakon zaɓen, mafi yawanta a Yamai aka yi ta. Amma asarar kowa ya ɗanɗana. Dillalin albasa a Galmi da ke aika hoton kaya ga abokin cinikinsa na Abijan ya rasa hanya. Matar da mijinta ke ci-rani a Libiya, wadda saƙon murya na WhatsApp kaɗai ke haɗa su, ta kwana goma ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ɗalibin da ke jiran amsa daga wata jami'a ta waje ya yi ta zarya zuwa inda ya ji an ce akwai intanet ta ofis.

A fadodin shayi an yi ta tambayoyi masu ma'ana a kwanakin nan. Wace doka ce ta ba da izinin rufewa? Wa ya sa hannu? Kamfanin waya yana da ikon cewa a'a? Wa zai biya mutum kuɗin forfen da ya ƙone a banza? Tambayoyin suna da amsa, sai dai masu iya bayar da ita dalla-dalla, da lambar doka da misalin wata ƙasa, ba su da yawa a cikinmu.

Akwai mutanen da amsa irin waɗannan tambayoyi ita ce sana'arsu: masu ba da shawara kan tafiyar da intanet da kare haƙƙin ɗan Adam a cikinta. Ra'ayina shi ne Nijar tana buƙatar irinsu, nata na kanta, masu jin harsunanmu. Ya kamata hukuma ta saurare su kafin ta yanke shawara, su kuma su san cewa jama'a na bin su bashin bayani.

Intanet tana da masu juya ta

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki intanet kamar iska, abin da ba shi da mai shi. Alhali kowane ɓangare nata yana da wurin da ake yanke hukunci a kansa.

Sunayen shafuka, irin su wutsiyar «.ne» da ke nuna shafin ƙasar Nijar ne, suna ƙarƙashin tsarin wata hukuma mai suna ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kaliforniya ta Amurka. Har zuwa watan Oktoban 2016 gwamnatin Amurka na da hannu kai tsaye a sa ido kan wani muhimmin sashe na aikinta, kafin a miƙa shi ga gamayyar masu ruwa da tsaki na duniya. Lambobin adireshi da kowace na'ura ke buƙata don ta hau intanet, hukumomi biyar ne ke raba su a duniya, ta Afirka ita ce AFRINIC da ke tsibirin Morishiyos. Zangon iska da wayoyi da taurarin ɗan Adam ke aiki da shi, a hukumar sadarwa ta duniya da ke Jeneba ake raba shi. Sannan ga gwamnatoci da dokokinsu, ga kamfanoni irin su Meta da Google da TikTok da ƙa'idojin da suke gindaya wa masu amfani da su.

Tun farkon ƙarnin nan aka fara jayayya kan wanda ya kamata ya riƙe ragamar duk wannan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro kan al'ummar zamanin sadarwa, aka yi zama na farko a Jeneba a 2003, na biyu a Tunis a 2005. Taron share fage na ƙasashen Afirka a Bamako aka yi shi a 2002. Matsayar da aka cimma a Tunis ita ce tafiyar da intanet aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin farar hula, kowa da rawar da zai taka. Daga nan aka kafa dandalin tattaunawa na shekara-shekara da ake kira IGF, wanda ya fara zama a birnin Atina na Girka a 2006, ya kuma zauna a Adis Ababa a 2022.

Ƙofar waɗannan zaurukan a buɗe take. Amma buɗe ƙofa daban, iya magana a ciki daban. Ana jayayya a kan kalma guda a cikin takarda mai shafi hamsin, kuma kalmar nan na iya zama ita ce za ta yanke ko ɗan ƙauyen Dakoro zai samu rezo mai sauƙin kuɗi nan da shekara biyar. Wanda bai je ba, ko ya je bai san abin da ake faɗa ba, sai dai a aiko masa da sakamako.

Rayuwar aiki guda ɗaya

Don a ga yadda wannan sana'a take a zahiri, bari mu dubi rayuwar aikin wata ƴar Afirka ta Kudu, Anriette Esterhuysen.

Ba injiniya ba ce. A shekarun 1980, lokacin mulkin wariyar launin fata, aikin ɗakin karatu da adana bayanai take yi a majalisar majami'u ta Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin cibiyoyin da suka tsaya gaban gwamnatin wariya. A wancan lokaci ƙasar na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ana tace labaran jaridu, ana hana buga abin da ke faruwa a unguwannin baƙar fata. Masu fafutika suka gano cewa da kwamfuta da layin tarho za a iya fitar da labarin wanda aka kama ko aka kashe zuwa waje, ba tare da ya bi ta hannun mai tacewa ba. Tana cikin waɗanda suka taimaka wa ƙungiyoyi a kudancin Afirka suka fara amfani da saƙon imel tun kafin yawancin duniya ta san sunan intanet.

Daga 1993 zuwa 2000 ta shugabanci SANGONeT, wata cibiya da ke samar wa ƙungiyoyin farar hula intanet da horo. Daga 2000 zuwa 2017 ta riƙe ragamar APC, gamayyar ƙungiyoyi ta duniya da aka kafa a 1990 don amfani da sadarwa wajen ci gaban al'umma. A wannan matsayi ta halarci zaman Jeneba da na Tunis, tana cikin masu dagewa cewa kada a bar maganar intanet a hannun gwamnatoci da kamfanoni kaɗai. A 2013 ƙungiyarta da hukumar NEPAD suka buɗe makarantar koyon tafiyar da intanet ta Afirka, AfriSIG, wadda ta fara zama a Durban, inda ake tara ma'aikatan gwamnati da lauyoyi da ƴan jarida da injiniyoyi na ƴan kwanaki, a koya musu yadda ake tattaunawa a irin waɗancan zaurukan. A ƙarshen 2019 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya naɗa ta shugabar kwamitin da ke shirya taron IGF, ta riƙe muƙamin har 2021. Bayan ta sauka daga shugabancin APC, aikin ba da shawara da horarwa ta ci gaba da yi.

Abu biyu na ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, ta shigo harkar ne ta ƙofar matsalar gida. Ta ga abin da toshe labari ke yi wa mutane da idonta, shi ya sa in ta yi magana a Jeneba ta san a kan wa take magana. Na biyu, ba ta tsaya ga kanta ba, ta gina wurin da wasu za su koya. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma mafi yawan aikin ba mai armashi ba ne: karanta daftarin doka, rubuta gyara, zaman kwamiti har dare.

Ba ita kaɗai ba ce a nahiyar. Farfesa Nii Quaynor na Gana, wanda ya yi fice wajen kawo intanet Afirka ta Yamma a shekarun 1990, ya zauna a hukumar gudanarwar ICANN. Julie Owono, ƴar asalin Kamaru, tana jagorantar ƙungiyar Internet Sans Frontières, kuma tun 2020 tana cikin kwamitin da ke duba hukuncin da Facebook ke yankewa kan abin da za a goge da abin da za a bari. Waɗannan duka sun fito daga ƙasashen da ke da matsaloli irin namu.

Me wannan aiki ya haifar?

Mai karatu na iya cewa duk wannan surutun otal ne. Bari mu duba.

A 2012 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa haƙƙin da mutum ke da shi a fili, yana da shi a intanet. A 2016 kwamitin ya yi tir da katse intanet da gangan. A 2019 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, mai mazauni a Banjul, ta sabunta ƙa'idojinta kan ƴancin faɗar albarkacin baki, ta sanya a ciki cewa bai kamata ƙasashe su katse wa jama'a intanet ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu, akwai mutanen da suka yi shekaru suna bin ta layi-layi.

Takarda ce kawai, haka ne. Amma da irin wannan takarda ake shiga kotu. A watan Satumban 2017 gwamnatin Togo ta katse intanet lokacin zanga-zangar ƴan adawa. Ƙungiyoyin farar hula na ƙasar suka kai ƙara kotun CEDEAO, a watan Yunin 2020 kotun ta ce katsewar ta saɓa wa doka, ta umurci a biya masu ƙara diyya. A Najeriya gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Yulin 2022 kotun ta sake cewa matakin haramtacce ne. Ba a daina katse intanet ba saboda haka: gamayyar KeepItOn ta ƙirga katsewa 296 a ƙasashe 54 a shekarar 2024 kaɗai. Sai dai yanzu duk gwamnatin da za ta yi, ta san akwai mai ƙirgawa, akwai kuma mai tambaya.

Ga mu ƴan Nijar akwai wani sabon al'amari. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 ƙasarmu ta fice daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Ko mutum na goyon bayan ficewar ko ba ya yi, sakamakonta ɗaya ne a wannan fanni: ƙofar waccan kotu ba tamu ba ce yanzu. Abin da ya rage mana shi ne dokokinmu da alƙalanmu, da yarjejeniyoyin da muka sa wa hannu, da kuma duk tsarin da ƙawancen AES zai gina. Ke nan buƙatar masana na gida ƙaruwa ta yi. Wanda ya ce zai gina gidansa da kansa, ai shi ya fi kowa buƙatar magini.

Doka ɗaya, sauyi biyu cikin shekara biyar

Dokarmu ta yaƙi da laifuffukan intanet ta isa misali. An kafa ta a watan Yulin 2019, da hukuncin ɗauri ga wanda ya ɓata sunan wani ta intanet ko ya yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. A ƙarƙashinta ne ƴar jarida Samira Sabou ta shafe fiye da kwana 40 a gidan kaso a 2020 kan wani rubutu a Facebook, kafin kotu ta sallame ta. A 2022 aka yi wa dokar gyara, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, aka bar tara. A watan Yunin 2024 aka sake maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya, da tarar da ke kaiwa miliyan 5 na sefa.

A lura, wannan ba maganar gwamnati ɗaya ba ce. Farar hula ne suka kafa dokar, farar hula ne suka katse intanet a 2021, sojoji ne suka maido da ɗaurin. Kowane mai mulki in ya hau yakan ga amfanin sandar da ya tarar. Kuma ba wanda zai musanta cewa akwai ɓarna a kafofin sada zumunta. Mun ga yadda ake yi wa ƴan mata sharri da hotunansu, mun ga saƙon murya na ƙarya da ke tada unguwa, mun ga masu damfara da sunan aika kuɗi. Mutuncin mutum haƙƙi ne, addininmu da al'adarmu duka sun tsare shi.

To mene ne aikin mai ba da shawara a nan? Ba ya cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Yakan ɗauko ma'aunin da ke cikin sashe na 19 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ƴancin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga tun 1986, ya auna dokar da shi. Shin an fayyace laifin yadda talaka zai san iyakarsa tun kafin ya taka? Shin manufar halastacciya ce? Shin babu wata hanya mai sauƙi da za ta biya buƙata? Idan manomi a Madarunfa ya ɗauki hoton shanun da aka kora daga garinsu ya aika wa ƴan uwansa, ya yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya ne, ko ya yi gargaɗi ne? In amsar ta dogara ga ra'ayin wanda ya kama shi, to dokar na buƙatar gyara, kuma gyaran zai amfani alƙali da jandarma kamar yadda zai amfani manomin. Dokar da aka auna da kyau tun farko ba ta buƙatar a riƙa juya ta duk bayan shekara biyu.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Na san abin da ake faɗa game da masu wannan aiki, kuma ba duka ne ƙarya ba.

Ana cewa da kuɗin Turawa suke aiki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiya ne yawancin kuɗin da ke ɗaukar nauyin wannan fanni a Afirka daga waje yake zuwa, wani daga gwamnatocin Yamma, wani ma daga kamfanonin da ya kamata a sa wa ido. Gaskiya ne kuma akwai munafunci: ƙasashen da ke mana wa'azin ƴanci su ne aka kama suna sauraron wayoyin duniya, kamar yadda fallasar Edward Snowden ta nuna a 2013. Amma maganin wannan a hannunmu yake. Idan ba ma son mai ba da shawarar da wani ya biya, mu biya namu. Hukumar ARCEP na karɓar kuɗi daga kamfanonin waya. Ɗan kaso kaɗan daga ciki zai ɗauki nauyin karatun matasa da dama a wannan fanni. Su kuma masu aikin, ya zama dole su riƙa bayyana wanda ke biyan su. Wanda ke neman gwamnati ta yi aiki a fili, shi ma ya buɗe littafinsa.

Ana cewa muna cikin yaƙi, tsaro ya fi ƴancin latsa waya. Ba mai hankalin da zai raina jinin sojojinmu da na fararen hular da ake kashewa a Tillaberi da Diffa da kudancin Maraɗi. Sai dai mu dubi maƙwabta. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya baki ɗaya a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu yankunan Katsina da Sakkwato, don a karya ƴan bindiga. An yi makonni a haka. Da aka buɗe, ƴan bindigar na nan, har yau kuma suna nan. A tsawon rufewar, mutumin ƙauye ne ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. A yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru an katse intanet kimanin wata uku a farkon 2017, rikicin kuwa ƙara muni ya yi bayan haka. Masanin da zai kawo wa majalisar tsaro waɗannan misalai kafin a yanke shawara, taimakon ƙasa yake yi.

Ana cewa ƴan yawon taro ne, daga wannan otal zuwa wancan, kuɗin guzuri kawai suke bi. Akwai irinsu, mun san su. Mutum ya je ƙasa goma da sunan Nijar, ya dawo ba wanda ya ji abin da aka tattauna, sai hotuna a Facebook. Ma'aunin da zan ba da shi ne: duk wanda ya wakilce mu a waje, ya dawo ya shiga gidan rediyo ya yi bayani da Hausa da Zabarmanci, ya kuma ajiye rahoto inda ɗalibi zai iya karantawa. Wanda ya kasa wannan, ba wakilinmu ba ne.

Ana kuma cewa mafi yawan ƴan ƙasa ba su ma hau intanet ba, ana fama da hatsi da ruwan sha. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar masanan. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin da suka ratso ƙasashen maƙwabta take zuwa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu, mu ma muka ji a jikinmu. Ta wace hanya za mu ƙara shigo da intanet, da wane farashi? Yanzu da Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025, wane sharaɗi ya dace a gindaya masa, ina kuma bayanan ƴan ƙasa ke tafiya? AFRINIC, wadda kamfanoninmu ke samun lambobin adireshi daga gare ta, ta faɗa rikicin shari'a da wani kamfani har aka rufe asusunta na banki a 2021, kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Mutum nawa ne a ƙasar nan suka bi wannan shari'a? Duk waɗannan maganar farashi ce da ikon ƙasa, tun kafin a zo maganar ƴanci.

Maganar harshe

Akwai wani giɓi da baƙo ba zai cike mana ba, komai kyan niyyarsa. Tarukan nan da Ingilishi ake yin mafi yawansu, Faransanci ma a baya yake, balle Hausa. Alhali rayuwarmu ta intanet da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci take gudana, mafi yawanta kuma da murya, ba da rubutu ba.

A 2018 wani binciken BBC kan rikicin jihar Filato ta Najeriya ya nuna yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar kisa, ya kuma gano cewa masu tantance labarai na cikakken lokaci da ke wa kamfanin aiki a ƙasar mutum huɗu ne, ba mai jin Hausa a cikinsu. Na'urar da ba ta san habaici ba, ba ta san zambo ba, za ta bar kiran kisa ya wuce, ta goge wasan taubasai. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ana koya mata harsuna daga abin da mutane suka rubuta. Wa zai zauna da waɗannan kamfanoni ya gaya musu inda suke kuskure a harshenmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kamata a ga alamar hakan a wannan fage ma, a fara da fassara dokar laifuffukan intanet da ta kare bayanan sirri zuwa harsunan da waɗanda za a hukunta da su ke ji.

Abin da ya kamata a yi

Ba daga sifili za mu fara ba. Muna da dokar kare bayanan sirri tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Muna cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet, wadda ta fara aiki a 2023. Muna da injiniyoyi da lauyoyi da ƴan farar hula da suka daɗe suna wannan fafutika, sau da yawa da kuɗin aljihunsu. Abin da ya rage shi ne a mayar da ƙoƙarin ɗaiɗaiku ya zama tsari.

Jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa André Salifou ta Damagaram, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Djibo Hamani ta Tawa, su buɗe darasin da zai haɗa ɗalibin shari'a da na kwamfuta da na aikin jarida a aji ɗaya. Lauyan da bai san yadda saƙo ke tafiya a waya ba, da injiniyan da bai taɓa karanta doka ba, kowannensu rabin masani ne. Hukuma kuma ta ɗauki al'adar wallafa daftarin duk wata doka da ta shafi sadarwa, ta ba da wa'adi a kawo gyara kafin a sa hannu. A kuma rubuta a doka, ƙarara, wa ke da ikon ba da umurnin katse layi, a wane hali, na tsawon wane lokaci, da alƙalin da zai duba umurnin. Ko mai ganin katsewa na da amfani wani lokaci, bai kamata ya ƙi a san mai sa hannu ba.

Ga matasa masu sha'awa, musamman mata, hanyar ba ta buƙatar sai an fara da tikitin jirgi. Yawancin tarukan ICANN da na IGF ana iya bin su kyauta ta intanet, akwai kuma guraben tallafi ga sababbin shiga. A koyi Ingilishi a kan Faransanci, a riƙe harshen gida da kyau. A fara da matsalar unguwa: me ya sa forfe ke ƙarewa kafin lokacinsa, ina hoton katin ɗan ƙasa da aka ɗauka wurin rajistar layi yake tafiya, wa yarinyar da aka yaɗa hotonta za ta kai wa kuka. Matar da muka ba da labarinta a sama daga ɗakin adana takardu ta fara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin da za mu buƙata ranar da wata gwamnati, ko wace iri ce, za ta sake tunanin rufe layi, ko ranar da wani kamfanin waje zai kawo yarjejeniya mai shafi ɗari ya ce a sa hannu, yau ya kamata a ce yana aji. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauraro, ya ba matasanmu himmar koyo, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.